Asibi Mai Karatu da Sabulun Jummai

Ke Bahijja, kin taɓa jin wani ya ambaci Asibi mai karatu a gidan nan? To ba za ki ji ba, an daɗe da rufe bakin kowa a kanta. Ajiye wayar nan ki matso, ni ƙafata ce ke ciwo, bakina lafiyarsa ƙalau.

Asibi 'yar Ƙofar Na'isa ce. Ubanta baduku ne, shi ya yi abin da maƙwabta suka daɗe suna tsegumi a kai, ya sa ta a boko. Ba ta yi nisa ba aka cire ta, amma ta fito da karatun Hausa a bakinta tas, ba gargada. Aka aura mata Malam Salihu mai ɗinkin hula, ƙanen kakanki, aka kawo ta nan Mandawari cikinmu. Ta haihu, 'ya'yan ba su zauna ba. Shi ma Malam Salihu ciwon 'yan kwanaki ya yi ya tafi.

Kin san yadda abin yake. Macen da ba ta da ɗa a gida, in ta fita takaba sai ta ɗaure kayanta ta koma gidansu. Ita kuwa gidan nasu iyaye sun ƙare, sai 'ya'yan wanta da matansu. Har ta fara haɗa kwanoni, sai Hajiya 'Yardada, matar babban wansu Alhaji Isiyaku, wadda duk matan gidan ke ƙarƙashinta, ta ce a bar ta a ɗakinta. Ba don Allah ta faɗa ba, kuma ba ta ɓoye ba. A gaban kowa ta ce, "In ta tafi, wa zai riƙa yi mana karatu?" To kin ji abin da ya riƙe wa Asibi ɗaki da kwanon tuwo. Ta sani, mu ma mun sani.

Da an idar da la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Wata da faifan tsintar shinkafa, wata ana mata kitso, wata da gyaɗar ɓarewa, maƙwabta su yi ta shigowa. 'Yan matan gidan da suka yi makaranta ba ruwansu da mu, kowacce ta ƙule a ɗaki da nata littafin. Mu da ba mu san ko baƙi ɗaya na boko ba, Asibi ce idonmu. 'Yar siririya ce baƙa mai wushirya, amma murya ta fi jikin. Ita kaɗai ake ajiye wa kujera 'yar tsugunno, 'Yardada ma a tabarma take zama. A duk yini wannan ne lokacin da Asibi take saman wani. In alƙali ne ke magana a labari sai ta yi muryar alƙali, in tsohuwa ce har rawar baki take yi. In an zo inda abu ya ɗaure kuma sai ta ce a ba ta ruwa, ta sha a hankali, mu yi ta roƙo.

Littattafan daga wajen Ɗayyabu mai haya ake karɓowa, can Ƙofar Mazugal. Shi kuma duk littafin da ya shigo hannunsa sai ya yi masa riga da takardar buhun siminti, don kada mata su ɓata masa bango da manja. Saboda haka duk kamarsu ɗaya, ba ka bambance wannan da wancan sai ka buɗe.

Mu ba ma son dogon labarin nan mai na ɗaya da na biyu da na uku. A kai ka bakin gaɓa a bar ka, ka aika a ce na biyun yana hannun wata a Yakasai, ta tafi wankan jego gidansu da shi. Wanda muka fi so shi ne mai labarai da yawa a ciki, gajeru-gajeru, kowanne ya ƙare kafin a kira magariba. In wannan ya yi lami na gaba ya gyara, kamar tiren mai kayan miya, ba ka rasa abin ɗauka. 'Yardada sai an yi mutuwa a labari take cewa ya yi daɗi. Ƙanwarta Jummai, wadda kika sani, so take mugu ya ga sakayya tun a duniya. In marubuci ya bar wa Allah sai ta ja tsaki ta ce ragon mutum ne. Ni kuwa so nake in ji wadda na sani a ciki, in ce wallahi wannan Zainabu ce ta gidan mai itace.

Akwai kuma ɗaya irin, na koyarwa, su girke-girke, haɗin turaren wuta, gyaran amarya. Waɗannan ba daɗi ake nema a cikinsu ba, so ake a yi abin ya yiwu. In Asibi ta karanto awo da giram sai 'Yardada ta ce a rufe, wannan bai taɓa hura wuta ba, wa ke da sikeli a madafi? Wanda ya ce gwangwanin madara kaza, ludayi kaza, shi ne ya san gida. Irin wannan sai Ɗayyabu ya yi ta aike kafin ya ga abinsa.

Ana nan, idon Asibi ya fara tafiya. Ba irin makantar da ake gani ba ce, idon nan garau, ba yana ba ja. Gefe-gefe tana gani, ta je rijiya ta dawo, ta gane mutum da tafiyarsa. Amma duk abin da ta tsura wa ido shi ne yake ɓacewa, sai wani baƙin tabo kamar inda tukunya ta zauna a ƙasa. Da farko baƙaƙen suka zama kamar kiyashi suna yawo. Ta sa aka sayo mata tabarau a kasuwa, ta ce na ado ne. Ta sa kwalli, ta ɗiga zuma, ta wanke da ruwan rubutu. Daga baya shafi gaba ɗaya ya koma kamar tsumma. Zuwa asibiti sai an gaya wa 'Yardada, gaya wa 'Yardada kuwa daidai yake da ta ɗaure kayanta da hannunta. Sai ta ɓoye wa kowa.

Ta riƙe littafi yadda ta saba, ta lashi yatsa ta juya shafi, ta riƙa zubo labari daga kanta. Da fari tsofaffin da ta karanta tun da take dawo da su, ta canza suna, ta mai da attajiri mahauci. Da suka ƙare ta shiga ƙirƙira. Kuma ke dai bari, labaran suka fi na da. Ai ta san mu ciki da bai. In ta ji 'Yardada ta fara hamma sai ta kashe mutum. In Jummai ta gyara zama tana huci, kafin a tashi mugun ya faɗa masai. Har goro 'Yardada ta aika wa Ɗayyabu, wai kwanan nan ya iya zaɓe. Na girki ma ba su tona ta ba, don mun riga mun iya abinmu. In abu bai yi ba sai mu zagi marubuci. An yi shekaru a haka. Kullum ta hau kujerar nan tana jiran a kama ta, kullum a tashi lafiya.

Sai Jummai ta so sana'a. Dama tun da mijinta ya rasu ta dawo zaman gaban yayarta, 'Yardada kuwa za ta ba ka amma sai ta haɗa maka da gori. Jummai ta gaji. Ta ji mata na yin sabulun wanki a gida suna sayarwa, ta sa aka karɓo mata littafin a wajen Ɗayyabu, aka sayo mata soda da manja. A gidan akwai Sumayya, amaryar Zaharaddeen ɗan 'Yardada, ta yi sakandare. Jummai ba ta kai mata ba. Ita ta goyi mijin yarinyar, ina za ta zauna a gabanta ana koya mata abu? Kuma kafin sabulu ya daskare duk gida ya ji. Ɗakin Asibi ta shiga da hantsi ta sakaya ƙofa. Su biyun nan aminai ne, in Jummai ta yi ɗanwake kwanon Asibi take fara zubawa.

Ta ɗora mata littafin a cinya ta ce, "Yaya Asibi, ke kaɗai na yarda da ke. Karanta min a hankali in haddace."

To nan ne fa. Magana ɗaya ce Asibi ta kasa faɗa, wato ba na gani. Ta san Jummai ba za ta yi mata dariya ba. Amma ta san Jummai ba ta iya riƙe magana a gaban yayarta, da an ɗaga mata gira take zazzagewa. Ta shafa takardar simintin nan, ta tuna ɗakin da take zaune a ciki, ta tuna gidan Ƙofar Na'isa da ba mai jiran ta. Sai ta ce a ranta, sabulu dai ai sabulu ne. Tana yarinya ta ga kakarta na dafa sabulun salo a kan wuta. Soda kuma mece ce in ba 'yar'uwar kanwa ba? Kanwa in kana so ta narke da wuri, ruwan zafi kake sa mata. Ta buɗe littafi ta lashi yatsa. Ta ce a ɗora tukunya, ruwa ya tafasa sosai, a juye sodar gaba ɗaya, a tuƙa da muciya kamar talge, sannan a kawo manja. Har da awon gwangwanin madara ta ba ta, don ta san shi muke yarda da shi. Jummai ta yi ta maimaitawa, ta ce wannan marubucin ya san gida.

Ni ina wanki a bakin rijiya ranar. Na ga Jummai ta sunkuya a kan murhu da muciya a hannu, ta juye ledar sodar. Tukunyar nan ta yi wani irin gurnani ta taso, ruwan ya yi tsalle ya same ta a fuska da wuya da hannu. Ƙarar da ta yi har masu shago a bakin titi sun ji. Mu kuma muka rufa mata da abin da muka sani, wata ta kawo manja, wata ta fasa ɗanyen ƙwai. A asibiti suka yi ta faɗa, wai da ruwa kawai muka yi ta kwarara mata. Idon dama dai bai dawo ba. Fuskar kuma kin gan ta, shi ya sa take jan mayafi ta gefe ɗaya. Ku yara an ce muku man suya ne.

Asibi ta shige ɗaki tana jira a zo mata. Ba a zo ba. 'Yardada da farko littafin ta ɗora wa laifi, har ta ce maza su je su rufe wa Ɗayyabu shago. Sumayya ce ta ɗauko shi a ɗakin Jummai, ta kai wa surukarta ta karanta mata abin da ke ciki. Ta ƙara da cewa ita dama ta daɗe tana mamaki, in ta gifta ta rumfa takan ga Inna Asibi na juya shafi ba a inda magana ta ƙare ba, wata rana ma littafin a juye yake. 'Yardada ta saurara, ta ce kada ta gaya wa kowa. Ita ba ta cin abu da zafinsa. Jira take ya huce ta ci a hankali.

Sai da aka sallamo Jummai ta fara fitowa tsakar gida. Ranar nan 'Yardada ta sa aka yi shara, aka shimfiɗa tabarmi har da na baƙi, ta aika wa maƙwabta cewa yau za a dawo da karatu don a ɗebe wa mara lafiya kewa. Da yawanmu ba mu san abin da aka ƙulla ba. 'Yardada ta taka da kanta har ƙofar Asibi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce Ɗayyabu ya aiko da sabon mai labarai da yawa. Asibi ta ji kamar an ɗauke mata dutsen niƙa daga ƙirji. Ta ɗauka laifin ya tsaya a kan marubuci, kamar yadda ake yi a na girki. Ta yi wanka ta sa kwalli ta fito. Aka miƙa mata littafi cikin rigar siminti. Na sabulun ne.

Ban taɓa jin ta yi karatu kamar na ranar ba. Ta kawo labarin wani mai haƙar rijiya. Rijiyar gidansa ta ƙafe, abokin aikinsa bai zo ba, ya ce matarsa ta riƙe masa igiya ya sauka ya yashe ta. Ya ɗaura a ƙugu ya sauka, ya yi nisa, nauyinsa duk a hannunta, igiya na cin tafinta. Sai ta waiga ta ga ɗansu da ya fara rarrafe ya nufi murhu, ga wuta na ci. Gidan ba kowa. Ta yi kira, ba mai ji. In ta saki, miji ya tafi. In ta riƙe, yaro saura ƙiris. Wallahi shinkafar da nake tsinta ta zube ban sani ba.

A nan 'Yardada ta ce, "Dakata haka Asibi, ki huta. Sumayya, karɓi ki ɗora mana daga inda ta tsaya."

Asibi ta riƙe littafin gam, sai da Sumayya ta ɓamɓare mata yatsu. Yarinyar ta gyara murya ta karanta shafin da ke buɗe. Wai in sabulu ya daskare a yanka shi gida-gida a shanya a inuwa. Sannan ta koma farko inda aka yi gargaɗi, cewa soda na ƙuna kamar wuta, kada a kuskura a zuba ta a ruwan zafi, a jiƙa ta a ruwan sanyi cikin roba, a sa safar hannu, a kawar da fuska. Ta ɗaga littafin ta zagaya da shi, ga hoton bokiti, ga hoton sabulu.

Sai wata maƙwabciya ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka.

'Yardada ta tambaye ta tun yaushe. Asibi ta ce, murya can ƙasa, tun kafin bikin Zaharaddeen. Nan fa kowa ya shiga tuno inda aka cuce shi. Wata ta ce ashe marainiyar nan da ta yi wa kuka har ta kasa cin tuwo, babu ita. Wata ta ce ita har sunan wata ta cikin labari ta sa aka raɗa wa jikarta. Ƙunar Jummai ce ta tara mu, amma abin da ya fi ci wa mata rai hawayensu ne da suka zubar a banza.

Asibi ta ce, "Na cikin littafin ma ai wani ne ya zauna ya ƙirƙiro."

'Yardada ta ce, "Shi bai ci tuwona ba."

Sai Jummai ta taso ta durƙusa a gaban Asibi, ta yaye mayafi, ta kawo fuskarta dab da tata. Ta ce, "Dube ni, Yaya Asibi. Dubi aikinki." Ta ɗan jira, sannan ta ce, "Au, na manta. Ke Allah ya hutar da ke."

Ba a kori Asibi ranar ba. 'Yardada ta ce ba za a ce gidan Alhaji Isiyaku sun jefar da makauniya ba. Aka bar ta ta zama abin wasa. In ta fito alwala wata ta cusa mata takardar ƙosai a hannu, ta ce Malama a taimaka a karanta mana. Wata ta ce a tambaye ta yadda ake haɗa maganin ido. Kwanonta ya koma ƙanzo, wata rana ma a manta. Kujerar nan aka mayar da ita wajen wanke-wanke. In ta matso tabarma a ce wuri ya cika. Ta daina fitowa sai ta ji tsakar gida ba motsi. Da Sumayya ta haihu aka ce ɗaki ya yi musu kaɗan, aka kira Abdulmalik ɗan wan Asibi, ya zo da a-daidaita-sahu ya kwashe ta da kwanoninta. Ba wadda ta raka ta zaure.

Kar ki ɓata min fuska. Je ki dubi Jummai tukuna, sannan ki zo ki yi min maganar tausayi.

Karatu kuwa ya mutu a rumfa. An gwada Sumayya, tana yi kamar mai karanta takardar asibiti, da an yi mata tambaya sai ta ce ba a rubuta ba. Daga baya aka koma na waya, wanda wata ke karantawa a ciki, ita ba ta jin hammar kowa.

Ni dai matar nan mai igiya ta hana ni sakat. Ina tuƙa tuwo ina tunaninta, in na ja guga sai ta faɗo min. Na sa an tambayi Ɗayyabu ko akwai mai irin labarin, ya ce shi duk shagonsa ba rijiya. Na tambayi matan gida. 'Yardada ta ce yaron ya mutu mana, Jummai ta ce kada a ƙara yi mata maganar. Abin da aka fara maka ai hakkinka ne a ƙarasa maka. Sai wata rana da hantsi na ƙulla goro na tafi Ƙofar Na'isa.

Na same ta a wani ɗan ɗaki kusa da turken awaki, inda suke ajiye dusa. Ta rame kamar kara, idon nan har yanzu garau. Sallamata kawai ta ji ta ce Yahanasu ce. Ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, har Sumayya, ba ta ambaci Jummai ba. Ta karɓi goron ta shinshina ta sa a ƙarƙashin filo. Ta ce tun da aka kawo ta, ni ce ta farko daga Mandawari. Ta fara sa min albarka, sai na ga gara in faɗi abin da ya kawo ni kafin ta yi nisa. Na ce mata matar mai rijiya fa, ta saki igiyar ko ba ta saki ba?

Asibi ba ta kai azumin shekarar ba ta rasu, ni kuma ban sake komawa ba, don haka wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro goron ta miƙo min, ta juya fuskarta bango.

"Tana nan riƙe da ita, Yahanasu, inda kuka bar ta. In kin fita ki ja min ƙofar, awaki na shigowa."